ABIN DA NA GANO A MAJAMI'AR 'YAN KATOLIKA: JAWABI A BIKIN CIKAR IKKILISIYARMU TA DOGARAWA SHEKARA 50

 

Sa'ad da kwamitin biki ya aiko mini da takarda cewa ni zan ba da tarihin wannan ikkilisiya, na yi murna ƙwarai, gama a nan aka yi mini baftisma, a nan kuma na fara tsayawa gaban jama'a ina karanta aya, gwiwoyina suna kaɗuwa. Amma da na zauna domin in rubuta, sai na tarar abin da ke hannunmu a rubuce bai cika shafi biyu ba. Littafin baftisma na farko gara ta cinye shi a sito. Sunayen waɗanda suka fara taruwa kuwa, na tambayi dattawa uku, kowa ya ba ni lissafinsa dabam, ɗaya ma ya manta da sunan matar da aka fara sujada a zauren mijinta. Saboda haka ina roƙon shugaban taro ya yi mini izini in bi ta wata hanya. Zan ba ku labarin wata ziyara da na kai, daga nan mu komo gida Dogarawa.

Shekarun baya Allah ya ba ni zarafin zuwa Isra'ila tare da ayarin masu ziyara, aka kuma ce za mu yada zango kwana biyu a birnin Roma ta ƙasar Italiya. Ku sani ni ba da niyyar sujada na shiga Roma ba. Kallo na je yi, irin na mai yawon buɗe ido, da hulata da 'yar jakata a rataye. A zamaninmu na makarantar Littafi Mai Tsarki mun karanta tarihin Martin Luta da abin da ya faru a 1517, mun haddace wuraren da muka rabu da 'yan Katolika, har mutum ya fito yana jin cewa taka ƙofar majami'arsu ma wani abu ne da sai an tuba. Da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Kaduna a watan Fabrairu 1982, abokaina suka cika mota suka tafi kallo, ni na ƙi, ina ganin na yi wa Allah aiki.

Kowa a ayarinmu Majami'ar Bitrus yake so ya gani, wadda ake nunawa a talabijin. Sai mai yi mana jagora ya ce, ai waccan ba ita ce majami'ar kujerar Paparoma ba, akwai wata a can wani gefen gari, ana ce da ita Majami'ar Yohanna ta Lateran. A nan ne ɗan Helenancin da muka taɓa a makaranta ya yi mini rana. Kalmar nan katidral da muke ji, asalinta kujera ne. Ba girman gini ke sa a kira majami'a katidral ba, sai dai kujerar bishop da ke cikinta, wadda yake zama a kai ya koyar. Paparoma shi ne bishop na Roma, kujerarsa kuwa tana Lateran.

'Yan'uwa, gani ya kori ji. An keɓe wannan majami'a a shekara ta 324, zamanin Sarki Kustantin, shekaru kaɗan bayan an daina farautar masu bi a daular Roma. Paparoma bayan Paparoma sun zauna a fadar da ke jikinta kusan shekara 1,000. A filin da ke gefenta akwai wani dogon al'amudin dutse guda, tsawonsa ya kai mita 32, wanda Fir'aunan Masar suka sassaƙa tun ba a haifi Sarki Dawuda ba, aka tsayar da shi a wurin a 1588. Manyan ƙofofinta na tagulla kuwa daga majalisar dattawan Roma ta dā aka ciro su. Na daɗe a tsaye gaban ƙofofin nan. Mulkin da ya jefa masu bi ga zakoki, yau ƙofar majalisarsa ce masu bi suke turawa su shiga sujada. A ciki akwai siffofin manzanni 12 na farin dutse, kowane ya fi mutum biyu tsawo, kowa riƙe da abin da ake gane shi da shi: Bitrus da mabuɗai, Bulus da takobi, Bartalamawas da wuƙa da fatar jikinsa, domin an ce feɗe shi aka yi da rai. Wata mama a cikinmu ta rufe ido ta ce ita ba za ta kalli wannan ba.

A ƙetaren hanya akwai matakala 28 da 'yan Katolika suke riƙe da cewa daga gidan Bilatus aka kawo su, mutane suna hawa da gwiwa suna addu'a. Luta kansa ya hau su sa'ad da ya zo Roma wajen 1510, yana ɗan zuhudu. Ni ban hau ba. Da aka tambaye ni dalili na ce koyarwa ce ta hana ni, uwargida kuwa da na ba ta labari ta ce ciwon gwiwa ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba adon ba ne. Jagoran ya ce girgizar ƙasa ta rushe majami'ar a ƙarshen ƙarni na 9, gobara ta cinye ta sau biyu a ƙarni na 14, har wa yau a daren 27 ga Yuli 1993 'yan Mafiya suka tayar da bam a mota a jikinta. Kowane karo aka sāke gyarawa, aka kuma ajiye abin da ya tsira, ko da guntun zane ne a jikin ginshiƙi. Ɗaya daga cikin guntayen nan yana nuna Paparoma Bonifas na Takwas, wanda ya yi shelar shekarar jubili ta farko a 1300. Daga baya aka mai da ita duk shekara 50 bisa ga Littafin Firistoci sura 25, kāna aka rage zuwa 25. Akwai ma wata ƙofa da suke toshewa da bulo, ba a buɗe ta sai shekarar jubili. A toshe na same ta, an kuwa buɗe ta domin jubilin 2025.

Muna tsaye muna ta surutu da Hausa kamar muna kasuwar Sabon Gari, sai wani saurayi sanye da baƙar riga da farin wuya ya matso ya rusuna ya ce, "Sannunku Baba, daga ina?" Na ce daga Zariya. Sai fuskarsa ta washe. Ashe Fada ne ɗan ƙasarmu, an aiko shi ƙarin karatu. Ya ce, "Baba, yaya mutanenmu na Christ the King? An gama gyaran da ake yi?" Na ce lafiya lau suke. Ya sāke tambaya a kan cikin majami'ar, na yi ta kame-kame. Daga bisani na ce, "Ɗana, gaskiya ban taɓa shiga ba." Bai ce kome ba, murmushi kawai ya yi, ya karɓi jakata ya raka mu har mota. Na ƙetare hamada da teku na shiga katidral ta Roma, ga wata a Sabon Gari, kuɗin Keke Napep ɗaya daga Dogarawa, na wuce ta ya fi sau dubu, ban san launin bencinta ba.

Abin ya fi haka muni, bari in faɗa tun da yau ranar faɗin gaskiya ce. Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012, da safe, ɗan ƙunar baƙin wake ya kai hari da mota a wannan majami'a ta Kristi Sarki da ke titin Yoruba, a safiyar da aka kai irinsa a majami'ar ECWA ta Wusasa da wata a Kaduna. Da yawa a cikinku kun ji ƙarar daga nan inda kuke zaune. An rasa rayuka, har da yara. Ramuwar gayyar da ta biyo baya a Kaduna, inda aka tare matafiya da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ita ma abin kuka ce, ba kuwa za mu ɓoye ta ba a gaban maƙwabtanmu da ke zaune a nan. Mu fastoci muka je jaje a ƙarƙashin ƙungiyar CAN, wadda tun kafa ta a 1976 muke ciki tare da 'yan Katolika. Muka tsaya a harabar, muka yi addu'a, muka sa hannu a littafi. Aka ce mu shiga ciki mu ga ɓarna, na ce ina da wani taro. Ba ni da wani taro. Wanda ya ɗauko bam bai tambaya ko wa ke addu'a ga Maryamu, wa ba ya yi ba, ni kuwa da na zo ta'aziyya ina tsaye ina tambaya.

Bayan na komo daga tafiya na yi watanni ina jan ƙafa. Wata Talata da hantsi na sa rigata ba ta aiki ba, na hau Keke zuwa Kwangila, na sāke wani zuwa Sabon Gari. A bakin ƙofa masu tsaro suka duba jakata, abin da ba mu san shi ba a majami'u sa'ad da muke yara. Na ce ni baƙo ne, kallo na zo yi. Suka haɗa ni da wani malamin katikis, dattijo kamar ni. Bai ɗauki minti biyu ba ya gane ni, ya ce, "Baba Fasto, ai na san ka, kai ka yi wa'azi a jana'izar surukina." Asirina ya tonu tun ban cire hula ba.

Ba za a haɗa ta da ta Roma ba wajen girma ko ado, amma tsarin ɗaya ne. Abu na fari da na lura, ƙofa a buɗe take ranar Talata, ba taro, ba wa'azi, ga mutane jefi-jefi a durƙushe. Wata mata da kwandon cefanenta a gefe, wani saurayi da kayan makanikai duk baƙin mai. Sun shigo su yi minti biyar da Allah su koma bakin aiki. Na tuna tamu da muke garƙame wa kwaɗo daga Lahadi sai Laraba. A bakin ƙofa akwai ruwan da suke taɓawa su yi alamar gicciye. Malam ya taɓa, ni na sa hannu a aljihu, ya yi kamar bai gani ba. A gaba kusa da bagadi wata 'yar fitila ja tana ci, alamar cewa akwai gurasar jibi ajiye a akwati. Sa'an nan ya nuna mini kujerar. Kujera ce dai, irin wadda kafinta zai iya yi, amma ita ta mai da majami'ar katidral, kamar yadda waccan ta Lateran ta yi.

A jikin bango akwai hotuna 14 da suke kira Hanyar Gicciye, daga shari'a gaban Bilatus har zuwa kabari. Na bi su ɗaya ɗaya. Wasu abubuwan da ke ciki ba a rubuce suke a Bishara ba, na kuwa faɗa wa Malam haka, ya ce ya sani, al'adar ikkilisiya ce. Amma na tuna da mahaifiyata, wadda ta yi shekara 40 tana riƙe Littafi Mai Tsarki a sujada ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba. Da ta ga bangon nan da ta karanta shi daga farko har ƙarshe ba mai taya ta.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Baba ya koma Roman. Ban koma ba. Na tsaya gaban siffar Maryamu, abin da na gaskata tun ina saurayi game da matsakanci ɗaya bai motsa ba, Malam ma bai nemi ya motsa shi ba. Mun yi muhawara a inuwa har ruwan sanyin da aka kawo mana ya huce, ba wanda ya ka da wani. Abin da ya sāke shi ne, yanzu da mutum nake muhawara, wanda na san sunansa da na jikokinsa.

Shi ya ba ni tarihinsu, tiryan-tiryan, ba ya duba takarda. Ya fara tun daga Fada biyu da suka taso daga Tarabulus suka ratso hamada ta Agadas, suka rasu a Katsina a 1711 ba su bar ikkilisiya ba. Ya zo kan Fadan ƙungiyar SMA da suka kafa tasharsu a Shendam a 1907. Ya ce Zariya kuwa jirgin ƙasa ne ya kawo su, gama da layin dogo ya iso a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna a Sabon Gari, suna taruwa suna addu'a tun kafin su sami Fada mai zama. A 1966 yawancin masu cika bencin suka gudu da abin da suka iya ɗauka, sai 'yan arewa suka riƙe wurin har waɗansu suka komo bayan yaƙi. Suna ƙarƙashin Kaduna, inda Akbishop Peter Jatau ya zama ɗan ƙasa na farko a kujerar a 1975, har ran 5 ga Disamba 2000 da aka yanke Zariya ta zama dayosis mai zaman kanta, aka naɗa Bishop George Dodo, wanda ya riƙe ta har rasuwarsa a 2022. Na ce, "Malam, ina ka sami duk wannan?" Ya ce, "Zo ka gani."

Ya kai ni ofis, aka buɗe kabad na ƙarfe. Littattafan baftisma ne jere, manya masu bangon kwali, na dā takardunsu sun yi ja, rubutun alƙalamin tawada. Dokar ikkilisiyarsu ce kowace majami'a ta riƙe irin wannan littafi. Kowane yaro da sunansa, da na uwa da uba, da na wanda ya tsaya masa, da na Fadan da ya yi baftismar. In ya girma ya yi aure, ko a Legas ne ko a Ingila, sai a aiko a rubuta a gefen sunansa. Na ga sunayen Ibo, da Yarbawa, da Tibi, da mutanen kudancin Zariya, da Hausawa. Leburori ne da masu dafa abinci da masu gadi, irin iyayenmu, waɗanda ba wanda zai sa sunansu a jarida. Ga su nan ba wanda ya ɓace. A nan ne, ba a Roma ba, hawaye ya zo mini, domin na tuna mahaifina da ya yi dakon ƙasa a kansa aka gina ɗakin sujadarmu na farko, yau kuwa ba wata takarda a wannan ikkilisiya da ke ɗauke da sunansa.

To, mun komo Dogarawa. Ɗakin nan na ƙasa yana nan a bayan wannan babban gini, mun mai da shi sito, karyayyun benci da tsofaffin ganguna ne a ciki. Wilin motar da aka rataye a bishiyar darbejiya ana bugawa a kira sujada, na tambaya aka ce an sayar wa 'yan jari-bola. Na kuma ji cewa akwai shawara a gaban dattawa a rushe ɗakin a gina shaguna domin ikkilisiya ta sami kuɗin shiga. Ban raina shawarar ba, na san nauyin albashi da kuɗin gunduma, na riƙe ikkilisiya na ga yadda baiko yake kasawa. Amma ina roƙonku, dattawa, da girman Allah, ku nemi wani gefen fili. Ku je Wusasa ku dubi Majami'ar Bartalamawas ta 'yan Angalika, ginin ƙasa irin na magina Hausawa tun 1929, tana tsaye har yau, baƙi daga ƙasashe suna zuwa kallonta. Ba siminti ya riƙe ta ba, yaɓe ne da ake sabuntawa da kuma mutanen da suka ƙi a rushe. Namu bai kai nata kyau ba, amma shi muke da shi. Azara biyu da kwano 'yan ƙalilan da yaɓe kafin damina, Zumuntar Mata kaɗai ta taɓa tara abin da ya fi haka a rana ɗaya.

A Littafin Firistoci, shekara ta 50 shekara ce da ake mayar wa kowa abinsa, gona ta koma ga masu ita, a kuma saki wanda ake riƙe da shi. Mu ba mu riƙe gonar kowa ba. Sunayen iyayenmu muka riƙe a bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa suna tafiya, bara kaɗai mun binne uku daga cikin waɗanda suka ga farkon abin. Saboda haka da na fito daga wurin Malam ran nan, na biya kasuwa na sayi babban littafin rajista mai bangon kwali irin nasu. Ga shi can a teburin baya wurin sakataren ikkilisiya. Bayan an ci abinci, duk wanda ya san sunan wani da ya yi sujada a ɗakin ƙasa, ko ya ɗebo ruwan gini, ko ya koyar da karatun Hausa da yamma, ko aka yi masa baftisma a rafi, ya je ya faɗa a rubuta, da garinsu da aikinsa. Iyayenmu mata, ku na fi dogara da ku, gama ku kuka san wa ya auri wa. Matasa masu wayar hannu ku zauna kusa da su ku ɗauki muryarsu. In lissafin wani ya saɓa da na wani, a rubuta duka biyun, kada a yi faɗa.

Na kuma roƙi kwamiti su aika da takardar gayyata zuwa Kristi Sarki, abin da ba mu taɓa yi ba cikin shekara 50, sun kuwa aika. Malam ya zo, ga shi can a layi na uku da farar hula, shi ma yau ne farkon shigarsa majami'armu, na lura tun ɗazu yana ta duban bango yana neman hotuna. Malam, ka tashi jama'a su gan ka. 'Yan agaji, a matso da shi gaba kusa da ni, a kuma kai shi ya ga ɗakin ƙasa kafin ya tafi.